Matar da Ta Riƙe Gida da Allura da Zare

  

Yau sharhin namu zai yi nisa. Za mu leƙa can yammacin Amurka, mu koma baya shekaru fiye da 150, mu duba rayuwar wata mata mai suna Abigail Scott Duniway. Uwa ce mai 'ya'ya shida. Mai kantin hulunan mata ce da kayan ɗinki. Mutanen ƙasarta sun fi tunawa da ita a matsayin 'yar jarida mai fafutukar haƙƙin mata. To amma kafin ta kai ga jarida, sai da ta yi shekaru a kanti, da allura a hannu da goyo a gefe. Wannan ɓangaren ne za mu tsaya a kansa. Abin da muke so ku riƙe tun daga farko shi ne: ranar da gona ta salwanta, maigida kuma ya kwanta ciwo, sana'ar matar nan ce ta riƙe gidan.

Bari mu fara da yadda ta isa can.

An haifi Abigail a shekarar 1834, a wata gona da ke jihar Illinois. Ba ta yi wani dogon karatu ba. Duk zamanta a aji bai cika shekara guda ba, sauran a gida ta tsinta. Tana da shekara 17 mahaifinta, John Tucker Scott, ya yanke shawarar kwashe iyalinsa zuwa Oregon, can bakin tekun Pasifik. Mahaifiyarta ba ta so tafiyar ba, domin ba ta da isasshiyar lafiya. Amma maigida ya riga ya yanke magana. A farkon 1852 suka ɗaura kaya a kan amalanke biyar da shanu ke ja, suka kama hanya.

Tafiya ce ta kusan kilomita 4,000. Babu jirgin ƙasa, babu asibiti a hanya. Sai ƙura, da ƙetare koguna, da hawan duwatsu. Mahaifin ya ɗora wa Abigail aikin rubuta abin da ya faru kowace rana. A cikin wannan littafi ta rubuta rasuwar mahaifiyarta, wadda kwalara ta ɗauke a watan Yuni, kusa da sansanin soja na Fort Laramie. A gefen hanya aka binne ta, ayari ya ci gaba. Bayan wata biyu ƙaramin ƙanenta, Willie, ɗan shekara uku, shi ma ya bi uwar. A watan Oktoba suka isa kwarin kogin Willamette, sun gaji, sun rame, sun ragu.

A nan akwai gaskiyar da bai kamata a tsallake ba. Ƙasar da suka isa tana da masu ita. Mutanen Kalapuya ne ke zaune a wannan kwari tun kaka da kakanni. Cututtukan da baƙi suka kawo sun riga sun cinye mafi yawansu, kuma a 1856 gwamnati ta kwashe waɗanda suka rage zuwa wani keɓaɓɓen wuri mai suna Grand Ronde. Filayensu ne gwamnatin ta riƙa raba wa baƙi kyauta. Dokar rabon ta ba mai mata ninkin abin da ta ba gwauro. Shi ya sa duk budurwar da ta sauka a Oregon a wancan zamani, manema suke yi mata caa.

Abigail ta ɗan koyar a wata makarantar ƙauye. A watan Agustan 1853 ta auri wani manomi mai suna Benjamin Duniway. Shekara ta zagayo ta haifi 'yarta ta fari, Clara. Sai maza suka biyo baya.

Masu sauraro, matar manomi a wancan daji ba ta san hutu ba. Ita ce mai girki, ba na iyalinta kaɗai ba, har da 'yan ƙodago da gwagwaren maƙwabta da ke faɗowa lokacin cin abinci. Ita ce mai wanki. Ita ke dafa sabulu. Ita ke ɗinka tufafin kowa a gidan. Ita ke tatsar shanu, ta kaɗa nono, ta fitar da man da za a kai kasuwa. A cikin wannan hidima ne Abigail ta saci lokaci ta rubuta littafin ƙagaggen labari mai suna Captain Gray's Company, wanda ya fito a 1859, shekarar da Oregon ta zama jiha.

To, yanzu ga inda labarin ya juya.

Wani abokin Benjamin ya zo neman alfarma. Yana son cin bashi, ana neman wanda zai tsaya masa. Benjamin mutum ne mai kirki, ya sa hannu. Bashi ne mai kuɗin ruwa mai nauyi. Abigail ba ta so ba, amma doka ba ta ba ta bakin magana ba. Abokin ya kasa biya. Masu bashi suka juyo kan wanda ya yi lamuni. Wajen 1862 gonarsu da ke kusa da garin Lafayette ta tafi, tare da gumin shekaru. Ba a nemi yardar matar gida ba ranar sa hannu, amma ranar biya da ita da 'ya'yanta aka biya.

Ba a gama jimamin wannan ba, sai wata ta faɗo. Dawakan da ke jan amalanken Benjamin suka firgita suka zabura, ya ji mummunan rauni. Bai sake iya aikin ƙarfi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ku auna halin da gidan ya shiga. Babu gona. Maigida na kwance. Ga yara huɗu ƙanana. Ita kuwa matar ba ta ko cika shekara 30 ba.

Ba ta zauna jiran dangi ba. Ta buɗe 'yar makarantar kwana a Lafayette. Ta ba da labari daga baya cewa tun ƙarfe uku ko huɗu na asuba take tashi, ta gama aikin gida da abincin ɗalibai, sannan ta shiga aji. Wani darasin ma sai ta koya wa kanta da dare kafin ta koyar da safe. A tsakiyar shekarun 1860 iyalin suka koma Albany, gari mai ɗan girma a bakin kogin Willamette. Ta ƙara koyarwa na shekara guda. Ta duba, ta ga kuɗin koyarwa ba zai ɗauki gida ba. Sai ta juya ga kasuwanci.

Me ya sa ta zaɓi hula da ɗinki? Amsar a fili take. A wancan zamani ƙofofin neman kuɗi da ke buɗe wa macen kirki ba su da yawa. Ko koyarwa, ko wankau, ko saukar da baƙi a gida ana biya, ko kuma ɗinki. A cikinsu, kantin hula da ɗinki ne ya fi ba mace damar zama mai jari, mai saye da sayarwa, mai ɗaukar ma'aikata. Kuma kasuwa ce da maza ba su cika shiga ba, domin mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta wajen awo da gwaji.

Amma kanti sai da jari, kuma abin da ke hannunta bai taka kara ya karya ba. Ta tafi Portland, babban birnin kasuwancin yankin, ta sami wani mai sayar da kaya sari da ake kira Jacob Mayer. Ya saurare ta, ya yarda da ita, ya ba ta kaya bashi fiye da abin da ta zata. Ta koma Albany ta sayar, ta dawo ta biya, ta ƙara ɗiba. Ku lura da wannan, jama'a. Bashi ne ya rusa gidan, bashi ne kuma ya tayar da shi. Na farko an ci shi ne don kunyar aboki. Na biyu an ɗauke shi ne a kan kayan da za a juya, a hannun wadda ta san ranar biya.

Yanzu bari mu shiga cikin irin wannan kanti, mu ga aikin da ake yi.

Matan Turawa na wancan lokaci ba sa zuwa coci ko shiga gari da kai a buɗe. A gona suna sa wata hular yadi mai faɗin baki da ke kare rana, wadda kowace mace ke ɗinka wa kanta. Amma hular fita kunya, sai a wurin gwana. Da farko ana haɗa ƙashin hular da waya da yadi mai tauri. Ko kuma a ɗauko saƙaƙƙen kara mai laushi, a riƙa ɗinka shi zagaye-zagaye tun daga tsakar kai har baki. A turara, a ɗora a kan kututturen icce mai siffar kai, a danne da dutsen guga har ta zauna. Bayan nan sai ado, wanda shi ne ainihin gwanintar. Ana sa leshi, da siliki, da furannin yadi, da gashin tsuntsaye. Mai sana'ar za ta dubi fuskar mai saye, ta dubi shekarunta, ta dubi aljihunta, sannan ta san abin da ya dace da ita.

Kuma kada ku ɗauka wannan sana'a ba ta taɓa ƙasar Hausa ba. A cikin ƙarni na 19, gashin jimina na daga cikin manyan kayan da fatake ke ɗauka daga Kano da Barno, su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Daga can yake wucewa kasuwannin Landan da Faris. Kwalliyar hulunan matan Turawa ce ta sa ake nemansa ruwa a jallo.

Ba kowace mace ke iya sayen sabuwa ba. Matar manomi takan kawo tsohuwar hularta ta bara. A warware adon, a wanke, a turara ta da hayaƙin farar wuta don ta yi haske, ko a rina ta. A sake mata siffa, a ɗora sabon ado. Wannan gyare-gyaren shi ke riƙe kanti idan kasuwa ta yi sanyi. Domin cinikin hula na da lokaci: sau biyu a shekara, idan sanyi ya wuce da kuma gab da shigowarsa. A waɗannan makonni mai kanti da yaranta har dare suke kaiwa a gaban fitila.

Ga kuma ɗinkin riguna, wanda galibi tare yake tafiya da hula a ƙananan garuruwa. A lokacin ba a cika samun rigar mata ɗinkakkiya a kasuwa ba. Kowace sai an auna, an yanka, an gwada, an rage, an sake gwadawa. Riga guda kan ci yadi mai yawa da kwanaki na aiki. Keken ɗinki sabon abu ne. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar nasa, daga baya kamfaninsa ya fara sayarwa ana biya kaɗan-kaɗan, abin da ya sa keken ya shiga gidajen talakawa. A 1863 Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu girma daban-daban. Sabon yayi kuwa a mujallu ake ganinsa, irin su Godey's Lady's Book, mai hotuna masu launi. Kayan da kansu sai sun sha tafiya: ta teku zuwa San Francisco, daga nan Portland, sannan jirgin ruwa ya hauro da su kogi zuwa Albany. Mai kanti da ta yi kuskuren sari, ta sayo abin da yayinsa ya wuce, ita za ta kwana da asararta.

Wannan aiki Abigail ta yi na kusan shekara biyar. Kuma a cikin zamansu na Albany ta ƙara haihuwa biyu, Clyde a 1866, Ralph a 1869. Ciki, da goyo, da kanti, da maigida marar lafiya, duk a lokaci guda. Ba a rasa abinci a gidan ba. Yara ba su bar karatu ba. Mu sake faɗa, masu sauraro: sana'ar matar nan ce ta riƙe gidan.

To amma kantin ya ba ta wani abu bayan kuɗi. A nan ne za mu ɗauki zance na gaba.

Kantin hula a wancan gari kamar gidan kitso yake a wurinmu. Wuri ne da mata ke haɗuwa babu namiji a kusa. Ana gwada hula, ana buɗe ciki. Abigail tana awo, tana sauraro. Daga baya ta tattara wasu daga cikin labaran a littafin tarihin rayuwarta, Path Breaking, wanda ya fito a 1914.

Akwai matar manomi da ta daɗe tana tara kuɗin man shanu don ta yi wa 'ya'yanta sutura. Mijin ya kwashe kuɗin ya sa a sayen dokin sukuwa. Akwai wata da mijinta ya sayar da kayan ɗaki ya gudu ya bar ta da yara. Aka taimaka aka samo mata rance, ta sayi kaya, ta buɗe gidan saukar baƙi. Da harka ta fara kyau, sai ga mijin ya dawo. Ya ɗora hannu a kan komai, kuma doka tana bayansa.

Wannan zai ba mai sauraro a ƙasar Hausa mamaki, domin a shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ko sadaki ne, ko gado, ko ribar sana'a. Can kuwa dokar da suka gada daga Ingila tana ɗaukar miji da mata a matsayin mutum guda, kuma mijin ne ke magana da sunan su biyun. Abin da matar aure ta samu da guminta yana ƙarƙashin ikon mijinta. Ba ta da cikakken ikon ƙulla yarjejeniya da sunanta. Abigail ta riga ta ɗanɗana wannan a kan gonarta. Yanzu ta gane ba ita kaɗai ba ce. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tana iya ba wannan aikin ɗinki, ta yi wa waccan rangwame, ta ranta wa wata. Amma gobe wata sabuwa za ta shigo da kuka irin na jiya.

Wani abin lura shi ne, mijinta ne ya nuna mata bakin zaren. Ta dawo gida wata rana ranta a ɓace saboda irin waɗannan labarai. Benjamin ya ce mata al'amarin mata ba zai gyaru ba sai ranar da suke da ƙuri'a, domin masu ƙuri'a ne ke zaɓen masu yin doka. Mutumin da sa hannunsa ya jawo asarar gona, shi ne kuma ya tsaya a bayanta har ya rasu a 1896. Bai ji ƙyashin cewa matarsa ce ke ciyar da gida ba. Wannan ma abin a yaba ne.

Sauran labarin za mu taƙaita shi.

A 1871 iyalin suka koma Portland. A watan Mayun wannan shekara ta fitar da jaridar mako-mako mai suna The New Northwest, ta riƙe ta har shekara 16. Aikin gida ne: uwa na rubutu, 'ya'yanta maza na jera haruffa a maɗaba'a. A shekarar farko ta zagaya Oregon da yankin Washington da ke maƙwabtaka da ita tare da fitacciyar 'yar fafutukar nan Susan B. Anthony, suna jawabi gari-gari. Dokokin dukiyar matan aure suka fara sauyawa, har majalisar jihar ta yi doka a kai a 1878. Ƙuri'a ce ta yi wuya. Sau biyar mazan Oregon suna kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa. Cikin manyan masu adawa har da ƙanenta ciki ɗaya, Harvey Scott, editan babbar jaridar jihar, The Oregonian. Ita ma tana da kaifin harshe, ta yi saɓani da abokan tafiya da dama. Sai a 1912, a karo na shida, aka amince. Tana da shekara 78, tana kan keken marasa lafiya. Gwamna Oswald West ya nemi ita ta rubuta takardar shelar, ta kuma sa mata hannu. Ta rasu a 1915.

Yaran fa, waɗanda aka rena da kuɗin hula? Clara, 'ya mace tilo, ta riga uwar rasuwa a 1886, rashin da ya girgiza ta ƙwarai. Willis ya zama mai kula da ɗab'in gwamnatin jihar Oregon. Ralph ya zama lauya. Clyde, wanda aka haifa a shekarun Albany, ya yi zurfi a karatu har ya shugabanci jami'ar Montana da ta Wyoming. Gidan da aka ce ya rushe a 1862 ke nan. Allura da zare da riƙon amana suka tayar da shi.

Jama'a masu sauraro, ga kiranmu kafin mu rufe. Iyaye, ku ba 'ya'yanku mata karatu, ku haɗa musu da sana'a, tun ana zaune lafiya, ba sai ranar da maigida ya kwanta ba. Magidanta, kafin ku tsaya wa wani a bashi, ku zauna da iyalinku ku yi shawara, domin ranar biya tare za ku biya. Ku bar wa matanku jarinsu da ribarsu, haƙƙinsu ne. 'Yan kasuwa masu hali, ku duba matan unguwarku masu hannu da gaskiya, ku ba su kaya su juya. Ku kuma da kuka karɓi ɗinki ba ku biya ba, ku tashi ku kai wa mai keken kuɗinta, wataƙila da shi za a ɗora tukunya a gidanta yau.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu masu ɗinki, Allah ya sa albarka a sana'arku, ya raya muku zuri'a.